Yadda na mayar da tsohuwar Hilux motar kwanan daji

Duk wanda ya ga motata a ajiye, abin da yake fara tambaya shi ne inda aka ƙera rumfar bayanta da nawa aka kashe. Ba a cika tambayata abin da ke ƙarƙashinta ba, alhali can mafi yawan kuɗin ya tafi. Saboda haka daga ramin makanike zan faro labarin, don daga nan aikin ya faro.

Motar Toyota Hilux ce mai ƙofa huɗu, irin samfurin da ya yi zamani daga wajen 2005 zuwa 2015, mai giyar hannu da injin fetur lita 2.7, wanda ake kira 2TR-FE. Na saye ta a Kaduna lokacin da wani kamfani ya yi gwanjon tsofaffin motocinsa. Abokai sun so in nemi mai dizal, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: mai dizal ta fi ƙarfin ja a ƙaramar giya, ta fi tattalin mai. Amma injin dizal na zamani ba ya haƙuri da gurɓataccen mai, kuma idan nozul ɗinsa ya samu matsala a ƙauye, sai dai a janyo motar zuwa birni. Shi kuwa 2TR, shi ne a cikin motocin Hiace masu yawa da ke jigila a tashoshinmu, don haka makaniken Bali ko na Serti a jihar Taraba ya san cikinsa, kayansa kuma ba sa wuyar samu. Ƙari a kan haka sarƙa ce ke juya tayimin ɗinsa, ba bel ba, alhali na dizal ɗin bel ne da ake canzawa a kilomita 150,000. Illarsa ɗaya ce, kuma babba ce: shan mai. Zan zo kanta.

Kafin in biya, na tafi da makanikena, wani dattijo da nake kira Baba, wanda ya tsufa a kan motocin Toyota. Bai kalli fenti ba, bai zauna a kujera ba. Ya gwada lambar shasi da ta takardu, har da takardar kwastam, sannan ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da tocila yana neman tsatsa da alamar walda a jikin shasin. Daga nan ya ce mu fita da ita kan turɓaya a gwada fowil, wato giyar da ke sa tayoyi huɗun duka su ja. Motocin kamfani iri biyu ne. Akwai wadda ta sha wahalar aikin karkara har ta gaji, akwai kuma wadda ta ƙare rayuwarta tsakanin ofis da gidan manaja, ba a taɓa sa mata fowil ba har ƙaramin libar ya sandare. Tawa irin ta biyun ce. Da ƙyar libar ya shiga L4, wato ƙaramar giyar fowil, amma ya shiga, kuma babu ƙara. Baba ya fito yana kaɗe rigarsa ya ce, "Alhaji, saya. Lalaci ne kawai ke damunta."

Na ƙudura cewa ba zan ɗora mata ko ƙusa ɗaya na ado ba sai ta koma daidai yadda aka ƙera ta. Aka zubar da duk wani ruwa da mai da ke jikinta: baƙin mai, man giyabos, man akwatin fowil, man aksil na gaba da na baya, man birki da na kuloci. Na aksil ɗin gaba ya fito baƙi ƙirin, da alama tun daga masana'anta ba a taɓa shi ba. Lagireto kuwa ruwan rijiya aka riƙa ɗura masa, ya yi ja da tsatsa, sai da aka ciro shi aka wanke, aka canza tiyo na sama da na ƙasa, aka zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. A nan na yi gardama da wani yaron gareji da ya so ya cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, ya yar, wai ƙasarmu akwai zafi ba a bukatarsa. Wannan al'ada ta yi yawa a garejojinmu kuma ban yarda da ita ba. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa, balle a wuri mai sanyi irin Mambila. Aka sa sabo. Sauran su ne filogi, fanbel, boljoyin, tairod, boris na ƙafafun gaba da bushin-bushin da suka tsattsage. Wasu kayan a Kaduna na samu, wasu sai da na aika Ƙofar Ruwa a Kano. A kayan ƙafa da birki ban nemi sauƙi ba, araha ba ta ado.

Sai da aka gama wannan na zauna da biro da takarda na yi lissafin nauyi, kuma wannan lissafin ne ya yanke hukunci a kan duk abin da ya biyo baya. Mutane na ganin Hilux a ɗauke da buhuna har sama sai su ɗauka ba ta da iyaka. Tana da ita. Abin da aka yarda mai ƙofa huɗu mai fowil ta ɗauka bai kai tan ɗaya ba, kuma a ciki har da direba da fasinja. Ka sa manya huɗu, kusan kilo 300 ya tafi. Ruwa lita 100 kilo 100 ne cif. Jarka biyu ta fetur mai lita 25 ta doshi kilo 40. Ga taya ta biyu ta safaya, ga akwatin sifana, ga batir na biyu, ga abinci, tukunyar gas, katifa, sannan ga rumfar kanta. Kafin ka ankara ka cinye abin da aka ba ka, ba ka ma sa bambar ƙarfe da injin janyo mota da ake gani a hotunan Ostareliya da Afirka ta Kudu ba. Su biyun nan kaɗai suna iya ƙara wa hancin mota abin da ya kai nauyin babban mutum, a gaban tayoyin gaba, inda ya fi cutar da ƙafa. Na soke su daga lissafi. Na kuma soke tantin da ake ɗorawa a kan rufi. Yana da kyau a hoto, amma kilo 50 zuwa 70 ne a can ƙololuwa, kuma wanda ya taɓa bin hanyar da ta karkace a gefen dutse ya san abin da nauyin sama ke yi wa mota.

A ƙafa, ɗagawa kaɗan na yi, kimanin santimita 5. Gaban wannan samfurin ba aksil ɗaya ne miƙaƙƙe ba, kowace taya da hannunta da shaf ɗinta, kuma idan aka ɗaga fiye da haka shaf ɗin na karkacewa da yawa, robarsa ta riƙa yagewa, giris ya zube, yashi ya shiga. A baya an ƙara ganye ɗaya a sifirin kowane gefe saboda nauyin rumfa da zai zauna dindindin, aka sa sababbin shokozoba huɗu, aka kai ta alaimin. Motar ta ɗan yi tauri idan babu kaya, maiɗakina ta yi ƙorafi a kan haka tun ranar farko, kuma da gaskiyarta.

Taya na sa 265/70R16, mai zanen da ke tsakanin na kwalta da na taɓo. Masu manyan haƙoran nan na burge matasa, amma yawancin tafiyar kwanan daji a ƙasar nan kwalta ce mai ramuka, dajin shi ne ɗan ƙarshen, kuma a kan kwalta suna kuka, suna saurin cinyewa, ba sa riƙe hanya idan an yi ruwa. Abin da na fi dubawa shi ne kaurin gefen tayar da kuma shekarunta. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na 2021. Taya na iya zama da zane rangaɗau amma ta tsufa a sito, kuma zafin hanyar Gombe zuwa Numan a watan Maris ba ya raga wa irinta.

Rumfar a kasuwar Fanteka ta Kaduna aka ƙera ta, kuma nan ne aikin ya fi daɗi. Na je da zane a takarda, mai waldar ya duba ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan bututun ya yi siriri, bari mu sa mai kauri ka huta." Haka masu walda suke, a wurinsu nauyi shi ne inganci. Muka daɗe muna ja-in-ja kafin ya yarda da siririn bututu mai kusurwa huɗu, da ƙarin tokara a kusurwoyi, rufi kuma na falankin alminiyam. Sharaɗina na biyu shi ne kada a yi walda ko huji a jikin shasi. Da noti aka ɗaure rumfar a bakin bodi, da roba a tsakani, domin bodi da shasi suna murɗawa a hanya mara kyau, kuma abin da aka ƙafe ƙam sai ya tsage.

Matsalar mai ƙofa huɗu ita ce gajartar bodi. Tsawonsa kusan mita ɗaya da rabi ne, babba ba zai miƙe ƙafa ba. Maganin da muka samo shi ne dandamalin katako a saman tudun tayoyi, da wani ɓangare mai naɗewa wanda ke sauka a kan ƙofar baya idan an buɗe ta, sai tsawon ya kai wajen mita 2. A ƙarƙashin dandamalin akwai durowa biyu dogaye, ɗaya ta kayan girki, ɗaya ta kayan gyara. Tankin ruwa na kwantar da shi a can gaba, jikin bayan kujeru, don nauyinsa ya zauna a tsakiyar mota ba a wutsiya ba. Gefunan rumfar tamfol ne mai naɗewa da ragar sauro a ciki, wani tela mai ɗinkin kujerun mota ya ɗinka. Ya kawo shuɗin tamfol da aka saba gani, na ce a'a. Ƙudan tsando na son shuɗi da baƙi, shi ya sa ma da waɗannan launukan ake yin tarkonsa, kuma akwai shi a dazuzzukan da nake nufi. Kore mai duhu ma na ƙi shi, don kada motar ta yi kama da ta sojoji. Ruwan ƙasa mai haske muka sa, motar kuma na bar ta da farin fentinta.

Wuta ba ta ɗauki lokaci ba. Batir na biyu mai amfiya 100, da na'urar da ke raba shi da na inji idan an kashe mota, don kada ƙaramin firij ya shanye wutar tayarwa cikin dare. Faifan sola mai wat 120 a kan rufi. Na tsaya a kan mai wayarin har sai da ya sa fis kusa da kan kowane batir, ya kuma bi da wayar cikin tiyo a duk inda za ta goga ƙarfe. Waya mai kauri da ba fis, idan ta goge a jikin bodi, gobara ce.

Kayan ceto kuwa: shebur, adda, igiyar ja mai faɗi, ƙugiyoyi masu lambar nauyi a jiki, famfon iska mai aiki da batir, ma'aunin iska, kayan faci, da guntun katako mai kauri da ake ɗora jak a kai a ƙasa mai laushi. Abu ɗaya da nake jan kunnen kowa a kai: kada a ɗaura igiyar fizga a ƙwallon jan tirela. Yana iya karyewa ya taso da gudu ya fasa gilashi, kuma ya kashe mutane a wurare da dama. A jikin shasi ake ɗaurawa, inda aka tanada.

Dole in faɗi wani abu game da kalmar kwanan daji kafin wani ya ɗauka ana tsayawa ne duk inda dare ya yi. A halin tsaron da muke ciki ba a yin haka, kuma Hilux mota ce da ɓata-gari ke so. Ni ba na tafiyar dare. Ina kwana a sansanin da hukumar gandun daji ta amince, ko a ƙauye bayan na gaida jauro ko mai unguwa ya nuna mini inda zan ajiye mota, sau da yawa kusa da makaranta ko masallaci. Kafin in tashi ina tambayar direbobin tasha labarin hanya, sun fi kowa sani. A shingen jami'an tsaro kuma rumfar na jawo tambaya, don haka takardu na kusa, durowoyin kuma suna buɗewa cikin sauƙi. Da an ga tukunya da katifa da buta, yawanci hira ake ɓigewa da ita.

Gwajin farko a Yankari na yi shi, don kusa ne kuma hanyar ba ta da tsanani. Daga Bauchi ka bi hanyar Gombe, ka karya a Dindima, ka shiga ta ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki, inda ruwan ɗumin nan yake da zafin kusan digiri 31 dare da rana. Abin da tafiyar ta nuna shi ne ƙura. Ta shiga ta ramin da ke tsakanin ƙofar baya da bodi, ta rufe katifa da kwanuka. Da na dawo aka liƙa robar ƙofar mota a kewayen, aka kuma buɗe 'yar ƙaramar kafa a gaban rumfar mai shigo da iska, don iskar ciki ta riƙa turo ƙurar waje maimakon ta zuƙo ta. Su kuma gwaggon birin Wikki sun koya mini sa kwaɗo a durowar abinci.

Jarrabawar gaske Taraba ce. Jalingo, Garba Chede, Bali, sai Serti, inda hedikwatar gandun Gashaka-Gumti take, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar, mita 2,419. A ofis ake yankar takarda a haɗa ka da jami'in gandu. Hanyar shiga ƙauyen Gashaka akwai duwatsu da rafuka, a nan fowil ya ci kuɗinsa. Ka'idarsa ba ta da yawa. H4, wato babbar giyar fowil, na turɓaya da tsakuwa da santsi ne. L4 sai an tsaya cak an taka kuloci, kuma shi ne na hawa mai tsanani da gangara da tsallaka ruwa. Da an hau busasshiyar kwalta a koma H2, inda tayoyin baya kaɗai ke ja, domin wannan motar ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, idan aka bar ta a fowil ƙarafan na ɗaurewa, sitiyari ya yi tauri, wani abu ya karye. Iskar taya nakan rage ta zuwa wajen 25 a ma'aunin PSI a kan duwatsu, 18 a yashin rafi, in mayar da ita da famfo kafin kwalta.

Ruwa kuwa, duk wanda ban ga gindinsa ba sai an shiga da ƙafa da sanda tukuna. Idan ya wuce gwiwa sosai ko yana ja da ƙarfi, ba na shiga, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai wani abu da ba a gani: aksil yana da 'yar kafar numfashi a samansa, kuma idan ya yi zafi ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa na tsukewa ya zuƙi ruwa. Baba ya riga ya sa wa kafofin tiyo ya ja su sama, na gaba zuwa cikin bonet, na baya zuwa ƙarƙashin bodi. Aiki ne na kuɗi kaɗan wanda ya fi fitilun ado goma amfani.

Daga Serti zuwa Mayo Selbe, sai hawan Mambila, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har da wurin da direbobi ke kira Hawan Biyu da Sisi. Da kaya a baya injin fetur ɗin na bukatar haƙuri: giya ta biyu, wani wurin ta ɗaya, ido a kan allurar zafi. Ba ta motsa daga tsakiya ba. A sama, wajen Maisamari da Nguroje zuwa Gembu, ƙasa ce ta ciyawa da shanu da gonakin shayin Kakara, tsayinta ya haura mita 1,500, kuma sanyin asuba na ratsa katifa ta ƙasa. Bargo biyu a ƙarƙashi sun fi uku a sama. Saukowa ta fi hawa haɗari. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama zai ji warinsa kafin rabin hanya, man birkin da ya tsufa ya sha ruwa kuma yana tafasa, feda ya tafi ƙasa babu komai. Da giyar da na hau da ita nake sauka, inji ya riƙe motar, birki sai taɓawa. Shi ya sa nake canza man birki duk shekara biyu ko da ba a ga laifinsa ba.

Bayan kowace tafiya, kafin motar ta koma zirga-zirgar gari, akwai abin da ba na tsallakewa. A wanke ƙarƙashi sosai, domin taɓon da ya maƙale a cikin shasi shi ke riƙe danshi ya haifi tsatsa. A buga giris a kan furofela ta gaba da ta baya. A buɗe notin man aksil a duba: idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a zubar nan take. A bi notocin sifirin da na rumfa da sifana, don hanya mai gargada na kwance su. A duba robobin shaf. Matatar iska a lokacin hunturu kusan kullum nake ciro ta in kaɗe a hanya, idan za a busa kuma daga ciki zuwa waje, kuma ina tafe da sabuwa a durowa. Baƙin mai a kilomita 5,000 nake canzawa, ba na jiran ya kai abin da ake yi wa motar gari.

Sai batun mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lissafin tafiya ya canza gaba ɗaya, kuma motar da aka ɗaga aka sa mata faffaɗar taya da rumfa ta fi yadda take a da sha. Abin da ke hannuna shi ne gudu da nauyi. Na lura idan na tsaya a 90 zuwa 100 a kan kwalta tanki na kai ni nesa fiye da idan na bi ta da 120, da bambanci mai yawa. Ruwa kuma ba na cika tankin daga gida, sai garin ƙarshe kafin daji. Ina shan mai a gidan mai na babban gari duk lokacin da allura ta kai rabi, jarkokin kuma don kada in dogara da 'yan bumburutu ne. In ta kama dole na saya a wurinsu, ta cikin tsumma mai tsabta ake zubawa, don datti na kashe famfon da ke cikin tanki.

An sha ba ni shawarar in mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG. Na duba, na fasa: tukunyar na da nauyi, za ta cinye wurin durowa ɗaya, kuma inda nake zuwa babu wurin ɗurawa. Abin da ke gabana yanzu kuloci ne, ya fara kamawa a can sama tun dawowarmu daga Gembu. Baba ya ce idan za a sauke giyabos a canza faranti da murfi da boris gaba ɗaya, har da sil ɗin bayan inji, don kada a biya kuɗin saukewa sau biyu. Na riga na aika a kawo kayan, da sun iso motar za ta koma kan rami kafin ruwa ya ɗauke a buɗe hanyar Gashaka.